Jinkirin Karatu Ba Daƙiƙanci Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da wasu yara ke ciki a makarantunmu, waɗanda Allah ya hore musu hankali da fahimta kamar kowa, amma karatu ya zame musu tafiya a cikin yashi, sai su yi ta ja da ƙyar alhali sa'o'insu sun yi nisa. Na daɗe ina riƙe da alli a makarantar firamare kafin in ajiye aiki, kuma abin da zan faɗa ya shafe ni, domin ina cikin waɗanda suka yi wa irin waɗannan yara mummunar fahimta.

Akwai wani yaro da na koyar a aji huɗu wanda har yau ban manta da shi ba. Idan na ba da labari a aji na yi tambaya, shi ne farkon ɗaga hannu, kuma amsarsa takan fi ta kowa tsari. Lissafin ka kuwa, kafin in gama faɗa ya ba da amsa. Amma da zarar na ce ya miƙe ya karanta layi uku a littafi, sai jikinsa ya yi sanyi, ya tsaya a kan kalma ɗaya yana motsa leɓe, ya faɗi rabinta ya koma baya, wani lokaci ya faɗi wata kalma dabam wadda ta yi kama da ita a farko. Daga baya sai na ga kamar ya gyaru, domin ya fara karantawa tar ba gargada, har na yaba masa. Ashe dabara ya samo. Yakan kasa kunne ga waɗanda suka riga shi karantawa ya haddace shafin, in layi ya zo kansa sai ya biya da ka. Ranar da asirinsa ya tonu, na lura yatsarsa tana kan layin ƙasa alhali bakinsa yana faɗin na sama. Na ɗauki wannan a matsayin lalaci da yaudara, na zane shi da bulala, kuma ban tsaya na tambayi kaina ba yadda za a yi yaron da zai iya haddace shafi guda daga ji ɗaya ya zama daƙiƙi.

Sai bayan shekaru na san cewa abin yana da suna. Masana suna kiran sa disleksiya, wato lalurar da ke sa mutum ya sha wahala wajen gane kalmomi a rubuce daidai kuma cikin sauri, da wajen rubuta su da ƙa'ida, alhali idonsa lafiya, kunnensa lafiya, hankalinsa cikakke, kuma an koyar da shi kamar yadda aka koyar da sauran. Wani likitan ido Bajamushe mai suna Rudolf Berlin ne ya yaɗa wannan suna a 1887, ko da yake shi a kan manya ya yi magana, waɗanda suka rasa iya karatu bayan ciwo ya taɓa ƙwaƙwalwarsu. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya wallafa labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda ya kasa koyon karatu, har yakan sauya wa haruffan sunansa wuri idan ya zo rubutawa. Malamin wannan yaro ya shaida wa likitan cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da ba wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Lokacin da na ci karo da wannan labari, sai na ga kamar ɗalibina ake kwatantawa. Ƙiyasin da aka fi ambata daga ƙasashen da suka yi bincike shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na jama'a, wanda ke nufin a ajin da ke da yara ɗari, irin wanda muka saba gani a makarantun gwamnati, ba abin mamaki ba ne a sami biyar ko fiye. Abin yana bin jini, kuma wani babban bincike da masana a Jami'ar Edinbura suka jagoranta, wanda aka fitar a 2022, ya gano wurare 42 a ƙwayoyin halittar gado da ke da alaƙa da shi. Mata ma suna da shi, sai dai ita yarinya takan yi shiru a bayan aji, ba ta tayar da rigimar da za ta sa a lura da ita.

Likitocin farko sun zaci a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da gani matsalar take, shi ya sa suka kira ta makantar kalma, kuma har yanzu mutane da yawa suna ɗauka cewa mai wannan lalura yana ganin haruffa a juye ne. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tushen abin yana wajen sauti. Magana tana fitowa daga baki a dunƙule, amma rubutu yana buƙatar a farfasa ta zuwa ƙananan sautuka, a ba kowane sauti harafinsa. Kafin yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, dole ƙwaƙwalwarsa ta gane cewa kalmar “kaza” sautuka huɗu ce jere, kuma idan aka cire na farko “aza” zai rage, idan aka sa wani a madadinsa a sami “maza”. Yawancin yara suna kama wannan da ɗan bayani kaɗan. Shi kuwa mai disleksiya, sautukan ba sa rarrabuwa a kansa sarai, don haka ɗaura harafi a kan sauti yakan zame masa aikin da sai ya sake shi daga farko duk lokacin da ya haɗu da kalmar. Juya harafin b da d da ake yawan magana a kai, kusan kowane yaro yana yin sa a farkon koyo, don haka shi kaɗai ba shaida ba ne.

To, a nan ne batun sauri ya shigo, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto wannan wasiƙa. Wanda ya ƙware a karatu ba ya haɗa baƙi. Da zarar idonsa ya sauka a kan kalma ya gane ta, kamar yadda mutum ke gane fuskar ƙaninsa ba tare da ya tsaya duba hanci da ido ɗaya bayan ɗaya ba. Masu nazarin ƙwaƙwalwa, ciki har da Stanislas Dehaene na Faransa, sun nuna cewa akwai wani yanki a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, can ta baya wajen ƙasa, wanda yake ƙwarewa a wannan aiki yayin da mutum ke koyon karatu, kuma hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a masu disleksiya wannan yanki ba ya motsawa sosai kamar na sauran. Wani masani a ƙasar Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara bincike masu yawa a 2019, ya gano cewa babban mutum mai karanta Turanci a zuci yana cin kalmomi kusan 238 a minti ɗaya, idan kuma a bayyane ne kusan 183. Da wannan lissafi, rubutu mai kalmomi dubu zai ɗauki mutum minti huɗu da ɗan wani abu. Mu ɗauka, don misali kawai, cewa wani yana tafiya da rabin wannan sauri. Shi minti takwas ne da 'yan kai, kuma asarar ba ta tsaya a minti huɗun da suka ƙaru ba. Abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda ɗan kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa. Idan duk ƙarfin yaro ya tafi wajen tono kalma ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kai ƙarshen doguwar jimla ya manta farkonta, sai ya koma ya sake, ga gajiya ta kama shi. Shi ya sa za ka karanta masa labari ya amsa kowace tambaya, ka miƙa masa labarin nan ya karanta da kansa ya kasa amsa ko ɗaya. Malamin da bai san wannan ba sai ya yanke hukunci cewa kan yaron ba ya ja, alhali fahimtar tana nan, hanyar isa gare ta ce ta yi tsawo.

Na'urorin da ke bin motsin ido sun tabbatar da wannan. Idon mai karatu tsalle yake yi daga wuri zuwa wuri, yana ɗan tsayawa kamar rubu'in daƙiƙa a kowane masauki. Idon mai disleksiya yakan yawaita tsayawa, ya daɗe a kowace tsayuwa, ya kuma riƙa komawa baya, kuma wannan sakamakon wahalar gane kalmar ne, ba shi ne sanadinta ba. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da Martha Denckla da Rita Rudel suka fito da shi a Amurka a shekarun 1970, inda ake jera launuka ko lambobi ko hotunan abubuwan da yaro ya sani sarai, a ce ya faɗi sunayensu da sauri. Yara da yawa masu wannan lalura sun san sunayen duka, amma fito da su daga ƙwaƙwalwa zuwa harshe yakan ɗauke su lokaci fiye da sa'o'insu. A 1999 Maryanne Wolf da Patricia Bowers suka bayyana cewa yaron da ya haɗa raunin rarrabe sauti da wannan jinkirin kiran suna, shi ne ya fi kowa shan wahala.

Abin da ya fi jan hankalina, kuma nake ganin ya fi shafarmu, shi ne yadda lalurar ke sauya kama daga harshe zuwa harshe. Rubutun Turanci ba ya bin furuci da gaskiya, domin harafi ɗaya yakan ba da sauti uku ko huɗu, wasu haruffan kuma a rubuta su ba a furta ba. Rubutun Italiyanci da na Jamusanci da na mutanen Finlan kuwa, abin da aka rubuta kusan shi ake faɗa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 wanda ya kwatanta yaran ƙasashen Turai ya nuna cewa a ƙarshen shekarar farko ta makaranta, yaran da ke koyon irin wannan rubutu mai bin furuci suna karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin gwaji daidai, alhali masu koyon Turanci ba su kai rabi ba. Heinz Wimmer na ƙasar Ostiriya ya nuna tun 1993 cewa yara masu disleksiya da ke karanta Jamusanci ba su cika yin kuskure ba, amma suna da matuƙar jinkiri. A 2001 kuma Eraldo Paulesu da abokan aikinsa suka gwada masu wannan lalura daga Ingila da Faransa da Italiya, suka tarar yanayin aikin ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, sai dai 'yan Italiya sun fi sauran karatu daidai saboda sauƙin rubutunsu. Rubutun boko na Hausa yana cikin sahun masu bin furuci, domin wanda ya san baƙaƙe da wasula biyar zai iya furta kusan kowace kalma da ya gani. Don haka a nawa ganin, Bahaushen yaro mai disleksiya da ya sami koyarwa mai kyau zai iya kaiwa matsayin da ba ya yawan kuskure a Hausa, amma jinkirin zai ci gaba da bin sa, kuma da yake malami kuskure yake nema da jan biro, sai yaron ya wuce ba a gane shi ba. Ko a Turanci ma, binciken da aka yi a kan manya ya nuna cewa da yawa suna gyara kuskurensu da shekaru, amma saurin ba ya cika zuwa musu yadda ya zo wa sauran.

Ba kuma cewa nake yi bokon Hausa ba shi da nasa tarko ba. Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutun yau da kullum, shi ya sa “gari” na zama da “gari” na tuwo suke kama ɗaya a takarda, haka “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya da “kuka” na “ku kuka zo”. Mai saurin karatu yana warware wannan daga ma'anar jimla ba tare da ya ma lura ba, amma wanda ya riga ya manta farkon jimlar, da me zai warware? Ga kuma b da ɓ da d da ɗ, haruffa huɗu masu kama da juna, ga k da ƙ, kuma littattafai da takardun jarrabawa da yawa ana buga su ba lanƙwasa, sai a ƙara wa yaro aiki. A kan wannan sai a ɗora gaskiyar cewa yaronmu ba rubutu ɗaya yake koyo ba. Da asuba yana gaban allo yana babbaƙu da farfaru daga dama zuwa hagu, da hantsi yana boko daga hagu zuwa dama, sannan ga Turanci, ko Faransanci idan a Nijar ne, harsunan da bai ji a gida ba kuma rubutunsu na cikin mafi wuya. A makarantar allo ma akwai yaron da hadda ba ta ba shi wahala ko kaɗan, amma ya daɗe a farfaru, kuma in aka buɗe masa shafin da bai biya ba sai ya tsaya cik. Ina ganin alarammomi sun fi kowa sanin irin wannan almajiri, ko da ba su ba abin suna ba.

Dole in yi adalci a nan, kada a ɗauka kowane yaron da bai iya karatu ba yana da disleksiya. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, kuma gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi a ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato sun nuna cewa mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Waɗannan ba lalura ce ta hana su ba. Cunkoson aji ne, da rashin littafi, da malamin da ba a horar ba, da yunwa, da fashin makaranta. Amma wannan hali shi ne ya sa mai disleksiya ya ɓace a cikin taro, domin inda kowa bai iya ba, ba a gane wanda matsalarsa ta bambanta. Ba za a iya tantance shi ba sai an koyar da kowa da kyau, sannan a ga wanda ya rage a baya duk da ƙoƙarinsa. Kafin nan ma sai an duba idonsa da kunnensa, domin yaron da ba ya hango allo ko wanda ciwon kunne ya rage wa ji, tabarau ko magani yake buƙata.

Jinkirin nan yana haifar da wani jinkirin. Wani masani mai suna Keith Stanovich ya yi bayani a 1986 cewa yaron da karatu ke yi wa sauƙi yakan yawaita shi, ya ƙara sanin kalmomi, karatun ya ƙara masa sauƙi, shi kuwa wanda yake shan wahala sai ya guje shi, kalmominsa su tsaya, tazarar da ke tsakaninsu ta yi ta faɗi kowace shekara. A ƙananan azuzuwa karatu ake koya, amma daga aji huɗu zuwa sama da karatun ake koyon komai, don haka yaron da bai kai ba sai ya fara faɗuwa a kimiyya da tarihi da addini, har da lissafin da ya iya, saboda tambayar a rubuce take. Malami ya cika allo da rubutu ya goge kafin shi ya kwafi rabi. A gida a kira shi jaki, a kwatanta shi da ƙaninsa da ya wuce shi. Wasu iyayen su ce sammu ne ko shafar aljanu. Daga nan sai ciwon ciki na ƙarya da safe, sai fashi, sai a ce boko ba rabonsa ba ne a kai shi kasuwa ko gareji, inda sau da yawa yakan zama gwani, abin da ya isa ya sa mu sake tunani a kan sunan da muka kira shi.

Wanda ya daure ya kai sakandare kuma, agogo ne ke jiran sa. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB tambayoyi 180 ce a cikin awa biyu a gaban kwamfuta, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, a ciki ne za a karanta tambayar da zaɓi huɗu a yi tunani a amsa, ga kuma dogayen nassoshi a ɓangaren Turanci. Ga mai jinkirin karatu, irin wannan jarrabawa saurin idonsa take aunawa kafin ta kai ga abin da ya sani. A Birtaniya, ɗalibin da aka tantance yana da wannan lalura ana iya ƙara masa kashi 25 cikin 100 na lokacin jarrabawa, wani ma a ba shi mai karanta masa tambaya. Wannan ba fifiko ba ne, kamar yadda tabarau ba fifiko ba ne, domin ƙarin lokaci ba ya sa amsa a kan wanda bai yi karatu ba. A Nijeriya muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, kuma hukumar JAMB ta riga ta yi wa makafi tanadi na musamman, abin da ya cancanci yabo. Roƙona shi ne dukkan hukumomin jarrabawa, da ma'aikatun ilimi na jihohi, su fito da hanya bayyananniya mai sauƙin kuɗi wadda ɗan talaka zai bi a tantance shi a ba shi ƙarin lokaci, domin idan tantancewa ta tsaya a asibitocin kuɗi na manyan birane, 'ya'yan masu hali kaɗai za su ci moriyarta.

Amma tun kafin a kai jarrabawa, aikin yana ajin farko. Disleksiya ba ta warkewa da allura ko ƙwaya, sai dai koyarwar da ta dace tana rage illarta ƙwarai, musamman idan an fara tun yaro yana shekara biyar zuwa bakwai. Tun shekarun 1930 Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara hanyar koyar da sauti da harafi daki-daki, yaro yana gani yana ji yana faɗa yana zana harafin da yatsa, ba a wuce mataki sai ya zauna. Kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa a kan karatu ya tabbatar a rahotonsa na 2000 cewa koyar da sautuka bisa tsari yana taimakon yara, haka kuma maimaita karatu a bayyane a gaban wanda zai gyara. Ingila ta fara yi wa yara 'yan kimanin shekara shida gwajin kalmomi 40 a 2012, rabinsu kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana, don kada hadda ta ɓoye wanda bai iya haɗa baƙi ba. Da na san wannan dabara, da na gane ɗalibina a cikin minti biyar, domin da na rubuta masa “zafu” ko “lomi” na ce ya karanta. Malami ba ya buƙatar komai don yin wannan sai takarda da agogo: ya ba yaro ɗan labari, ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya, ya rubuta, ya sake bayan wata uku, shi kaɗai da yaron, ba a gaban aji ba. Shirye-shirye irin su Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun nuna cewa ana iya koyar da karatun Hausa ta hanyar sauti a makarantun gwamnati. Abin da ya rage shi ne kwalejojin horar da malamai su sa wannan a cikin abin da kowane mai neman takardar shaidar malanta ta NCE zai koya, kada a bar shi ga sashen ilimi na musamman kaɗai, irin na Jami'ar Bayero ko Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, domin yaron yana zaune ne a ajin kowane malami.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba sa cin kuɗi. A daina tilasta wa yaron miƙewa ya yi karatu a gaban aji ba shiri. A ba shi nassin tun daren jiya ya duba. A yi masa wasu tambayoyin da baki. A buga takarda da haruffa manya masu ɗan tazara, domin wani bincike da aka yi a kan yaran Italiya da Faransa a 2012 ya nuna cewa ƙara tazara tsakanin haruffa ya rage musu kuskure ya kuma ƙara musu sauri. A gida, uwa ko yaya su riƙa karanta masa labari, don kalmominsa su ci gaba da ƙaruwa yayin da ake gyara karatun, kuma wayar hannu ma tana iya karanta rubutun Turanci da murya. Sai dai iyaye su yi hattara da masu sayar da tabarau masu launi ko motsa ido da sunan magani, domin ƙungiyoyin likitocin yara da na ido a Amurka sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a 2009 cewa babu hujjar da ta nuna waɗannan suna magance lalurar. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, amma a haɗa ta da zama da yaron minti ashirin kowace rana ana bin sautuka.

Shi ɗalibin nawa bai gama firamare ba. Na sake haɗuwa da shi bayan shekaru da yawa a wata kasuwa, yana da shagon gyaran injin ban ruwa da yara uku a ƙarƙashinsa, kuma shi ya fara gane ni, ya durƙusa ya gaishe ni. Na nemi gafararsa a kan bulalar nan, ya yi dariya ya ce ai ya yafe tuntuni. Sai ya jawo ni gefe ya ce babban ɗansa yana aji uku, kuma malaminsu ya aiko cewa kansa ba ya ja, ko akwai abin da zan iya yi. Yanzu yaron yana zuwa zaurena bayan la'asar kwana huɗu a mako, kuma a gwajin da na yi masa a makon jiya ya karanta kalmomi 19 a minti ɗaya, daga 7 da muka fara da su.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
daga Zariya.